Waƙar rap a Nijar: ta ja baya ne, kuma wa ya cancanci a saurara?

Mushe_Haruna:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da wata magana da nake so mu tattauna cikin natsuwa, ko da yake na san ba za mu taru a kan ra'ayi ɗaya ba. A ganina, waƙar rap da aka yi a ƙasar nan daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa tsakiyar shekarun 2000, zamanin su Lakal Kaney da Kaidan Gaskiya da Wass Wong da Black Daps, ta fi wadda ake yi yau nauyi da amfani nesa ba kusa ba. A wancan lokaci magana ce ke gaba, kiɗa yana biye da ita, har yaro yakan haddace baiti a kan cin hanci ko yajin aikin 'yan makaranta ya kai shi fada, wato majalisar hirar samari, a yi ta muhawara a kansa. Yau kuwa kiɗa ne ke jan ragama, maganar kuma ba ta wuce mota da tufafi da 'yan mata ba. Ni malamin makaranta ne a Bukoki, kuma abin da ɗalibaina suke saurare shi nake ji yana fitowa daga bakinsu a cikin aji. Tambayoyina biyu ne. Shin kun yarda cewa abin ya ja baya? Sannan idan matashi ya ce in nuna masa mawaƙan da suka cancanci ya ba su kunnensa, na gida ko na waje, su wa za ku ce in ambata masa?

Dan_Adar:
Wa'alaikumus salam, Mushe. Ina bayanka a wannan magana. Mu a Tawa hannu da hannu kaset ɗin mutanen nan yake zagayawa, kuma duk wanda ya dawo daga Yamai da sabo, shi ne mai faɗa a ji a fada har sai wani ya kawo wanda ya fi shi sabunta. Ba rawa muke yi da shi ba, zama muke yi mu saurara, a mayar da kaset baya a sake jin inda ba a gane ba. Yanzu kafin ka kama zaren maganar waƙar ta ƙare.

Ramatu_Lazare:
Da girmamawa, Mushe, ban yarda ba. Abin da ya rage a kunnenku daga wancan zamani shi ne zaɓaɓɓen ciki, domin marasa kyan sun mutu tun da daɗewa ba wanda yake tuna su. Ƙungiyoyin rap sun yi yawa ƙwarai a Yamai a waɗancan shekaru, kusan kowace unguwa da nata, amma sunaye nawa kuke iya kawowa yau? Huɗu ko biyar ne kullum. Kuna gwada mafi kyawun jiya da duk tarkacen yau, wannan kuwa ba adalci ba ne. Akwai kuma wani abu: iyayenku a lokacin ba su ce magana ce mai nauyi ba, cewa suka yi yara sun lalace suna kwaikwayon Amurkawa.

Tsohon_DJ_Katako:
Ramatu ta taɓo wani wuri, bari in ƙara da tarihi kaɗan, domin ana yawan ɗauka cewa hip-hop, wato gidan da rap ya fito, da wa'azi ya fara daga baya ya lalace. Ba haka abin yake ba. A unguwar Bronx ta birnin Niyok aka haife shi, kuma ranar da aka fi ambatawa ita ce 11 ga Agusta 1973, lokacin da wani matashi ɗan asalin Jamaika da ake kira DJ Kool Herc ya sa kiɗa a wani ɗan biki a gidan da suke zaune. Dabararsa ita ce ya sami faifai biyu iri ɗaya, ya riƙa maimaita wurin da mawaƙi ya yi shiru ganguna kaɗai suke tashi, domin nan ne masu rawa suka fi so. Mai magana a makirfo da farko aikinsa zuga masu rawa ne kawai. Faifan rap na farko da ya karaɗe duniya a 1979, na Sugarhill Gang, na nishaɗi ne da alfahari tsantsa. Sai a 1982 ne Grandmaster Flash da ƙungiyarsa suka fitar da waƙar da ta bayyana talauci da ƙuncin unguwannin baƙar fata, daga baya su Public Enemy suka ɗora da zafin siyasa. Saboda haka rawa da alfahari ba baƙi ba ne a gidan nan, da su aka aza harsashi. Wannan ba ya nufin na ce na yau sun fi, ina dai so mu san abin da muke aunawa.

Isufu_Harobanda:
Gaskiya ne abin da babban yaya DJ ya faɗa, sai dai akwai gyara a kan yadda abin ya iso mana. Mu ba kai tsaye daga Amurka muka ɗauko ba, domin kaɗan ne cikinmu suke jin Ingilishi. Hotunan Tupac, ɗan rap na Amurka, muke liƙawa a ɗaki, amma waɗanda muke fahimtar maganarsu su ne masu yi da Faransanci, MC Solaar da IAM na Marsai da NTM, sai kuma Positive Black Soul na Senegal, wato Didier Awadi da Duggy Tee, waɗanda suka kafa ƙungiyarsu a 1989 suka nuna cewa ana iya yin abin nan da harshen gida. Su kuwa waɗannan duka masu dogon rubutu ne, shi ya sa rap ɗinmu na farko ya fito da siffar da Mushe yake yabo. Kada kuma a manta da lokacin. Bayan Taron Ƙasa na 1991 baki ya buɗe, gidajen rediyo masu zaman kansu irin su Anfani da Ténéré suka bayyana, sai ga kuma shekarun da albashi yake makalewa, makarantu suna rufe wata da watanni. Matashin da ya yi karatu bai sami aiki ba, yana zaune a fada daga safe har dare, yana da abin faɗa kuma ya sami inda zai faɗe shi.

Malam_Sani_Wadata:
Assalamu alaikum. Na karanta abin da kowa ya rubuta, kuma ina roƙon a ba ni dama in kawo wani ɓangaren da ba a taɓa ba. Ba zan shiga saɓanin malamai a kan hukuncin kiɗa ba, wannan yana da wurinsa da ma'abotansa. Abin da ya dame ni shi ne abin da ido yake gani. Yaro ɗan shekara goma sha biyu yana rera ashar da harshen da bai sani ba, wandonsa a ƙasan ƙugu, yana kiran 'yar maƙwabcinsa da sunan da ubansa ba zai iya maimaitawa ba. An kira salla, abin sauraro yana toshe da kunnensa. Wanda ya ce wannan ba shi da alaƙa da abin da yake kallo a wayarsa dare da rana, to bai zauna da yara ba. Ni shawarata ga Mushe ita ce kada ya nuna wa ɗalibansa kowa daga cikinsu, domin wanda ya buɗe masu ƙofa da mai tsabta, ba shi da ikon hana su wucewa zuwa ga mai ƙazanta. Jihar Kano tana da hukumar tace fina-finai da waƙoƙi tun 2001, ban ga abin da zai hana a yi tunanin irinta a nan ba.

Ramatu_Lazare:
Allah ya gafarta Malam, ƙofar nan a buɗe take tun kafin Mushe ya yi magana. Wayar tana hannun yaran. Abin da ya rage shi ne ko babba zai shiga ya taya su zaɓe, ko ya bar su da abin da intanet ta tura masu.

Bagobiri_77:
Ni abin da yake ba ni mamaki shi ne yadda muke magana kamar alfahari da zambo daga Amurka aka kawo mana su. Duk wanda ya taɓa zama a filin kokawa ya ji ɗan kokawa yana kirari, yana lissafa waɗanda ya kayar, yana cika baki a gaban abokin karawarsa, kuma ba wanda ya ce tarbiyya ta lalace. Gasar kokawa ta ƙasa, wadda ake cin takobi, a Tawa aka fara ta a 1975, kuma har yau kirarin nan yana cikin abin da yake tara mutane. Mamman Shata ya yi wa kansa kirari a waƙa, ya yi zambo mai zafi ga waɗanda suka saɓa da shi. Ɗan Anace ya wasa 'yan dambe da kalmomin da suke sa jini ya tafasa. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa ya yi waƙa a kan karen mota da auren dole, wato talakawa da matsalolinsu, abin da muke yaba wa su Kaidan Gaskiya a kansa ke nan. 'Yan gambara na kasuwa kuwa, masu saurin baki da amsa wa juna, batsar da ke bakinsu ta fi ta yaran yau, kakanninmu kuma suna tsaye suna dariya suna ba su kuɗi. Ban kawo wannan don in wanke mai ashar ba, Malam. Na kawo shi ne don in ce yaron da ya iya jera magana a kan kiɗa gadon gida ya ɗauka, ko da hular da ke kansa ta waje ce.

Dan_Adar:
Bagobiri, akwai bambanci babba da ka tsallake. Makaɗin gargajiya yana da ubangida, sarki ko attajiri ko ɗan kokawa, shi yake wasawa kuma daga hannunsa yake ci. Abin da ya sa muka so rap shi ne ba shi da ubangida, yaro ne talaka yake faɗa wa masu mulki gaskiya ba ya jiran kyautar kowa.

MC_Jiya:
Ɗan Adar, ka yi haƙuri, wannan maganar taka ce ta fito da ni, domin na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Na yi rap a waɗancan shekarun da kuke yabo, ƙungiyarmu ba ta yi suna ba kuma ba zan ambace ta ba, amma na ga cikin abin.

Inda muke ɗaukar murya wani ɗaki ne a Yantala, an manna kwalayen ƙwai a bango, an jingina katifa a ƙofa don kada kukan babura ya shiga. A gaban makirfo safa ce aka miƙe a kan waya da aka lanƙwasa. Idan za a ɗauka dole a kashe fanka, a cikin zafin watan Afrilu, mutum huɗu a tsaye gumi yana zuba, idan wuta ta ɗauke kafin mai kwamfuta ya adana aikin, sai a sake daga farko. Kuɗin wannan zama karo-karo muke yi, wani ya sayar da takalminsa. Kaset kuwa idan ya fito, kafin mu sayar da kwali guda an riga an kwafe shi a kasuwa.

To a cikin wannan hali ne ƙungiyoyin agaji suka shigo da kuɗinsu. Suna neman waƙa a kan cutar sida, da auren wuri, da karatun 'ya'ya mata, da rigakafi. Su ne suke biyan sutudiyo, su ne suke ɗaukar nauyin wasa a cibiyar al'adu ta Jean Rouch, wadda aka sauya wa suna zuwa Moustapha Alassane a 2024, ko a cibiyar Oumarou Ganda. Ban ce saƙonnin ba su da kyau ba, da yawansu mun yarda da su har zuciya. Amma ina tuna ranar da wani jami'in wata ƙungiya ya zo mana da takarda, an jera kalmomin da dole su fito a cikin waƙar. Muka rubuta, muka ƙara baiti ɗaya na kanmu a kan asibitin unguwa da ba a samun magani a cikinsa sai an saya a waje. Ya saurara, ya yi murmushi, ya ce baitin yana da kyau amma a cire shi, domin suna aiki tare da hukuma. Muka cire. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Saboda haka, Mushe, wani kaso na nauyin da kake ji a waƙoƙin da, nauyi ne da aka yi odarsa aka biya. Akwai waɗanda suka faɗi gaskiya don kansu, suka sha wahala a kanta, ina girmama su. Amma ubangida yana nan, sunansa ne kawai ya sauya. Da kuɗin ƙungiyoyi ya ja baya, sai kamfanonin waya da masu biki da 'yan siyasa a lokacin zaɓe suka maye gurbin, su kuwa abin rawa suke so. Yaran yau ba su fi mu wauta ba, mai biyansu ne daban.

Mushe_Haruna:
MC_Jiya, na gode da wannan bayani, irinsa ne ba a samu a wurin wanda ya tsaya daga waje. Sai dai ina ganin ko da an biya ku, an bar ku da alƙalami a hannu, kun zauna kun yi rubutu mai ma'ana da tsari. Abin da nake kuka da shi yau har da rashin wannan wahalar ta rubutu.

Isufu_Harobanda:
Game da ko rap yana iya tsayawa da ƙafarsa ba tare da ubangida ba, maƙwabtanmu sun ba da misali. A Senegal, a farkon 2011, mawaƙan ƙungiyar Keur Gui ta garin Kaolack, Thiat da Kilifeu, tare da ɗan jarida Fadel Barro suka kafa ƙungiyar fafutuka ta Y'en a marre saboda yawan ɗaukewar wuta da tsadar rayuwa. Suka bi unguwa-unguwa suna sa matasa yin katin zaɓe, suka tsaya a kan hana shugaban ƙasa Abdoulaye Wade zarcewa, kuma ya faɗi a zaɓen 2012. A Burkina Faso, Smockey, wanda mawaƙin rap ne, da Sams'K Le Jah mai waƙar rege suka kafa ƙungiyar Balai Citoyen a 2013, kuma suna sahun gaba a boren da ya kori Blaise Compaoré a watan Oktoba 2014 bayan shekara 27 yana mulki. A yunƙurin juyin mulkin Satumba 2015 an kai wa sutudiyon Smockey hari a Wagadugu. Ba wanda yake kai wa mai waƙar rawa irin wannan hari. Wannan ne ma ya sa nake tsoron shawarar Malam Sani ta hukumar tacewa, domin duk wanda aka ba almakashi don ya yanke batsa, baitin da ya taɓa mai mulki zai fara yankewa.

Malam_Sani_Wadata:
Isufu, na ji tsoronka kuma yana da tushe. Amma gyaran hukuma daban, rashinta daban. A yanzu ba mai tace komai sai son ran mai waya.

Hajiya_Mariyama_Talaje:
Ni uwa ce, kuma maganar da nake so in yi ta shafi mata, domin na ga maza ne suka fi yawa a nan. Abin da ya fi ɓata mini rai ba kalmomin ba ne, bidiyon ne. Namiji yana sanye da riga har uku da sarƙa, matan da ke kewaye da shi kuwa kusan tsirara, ba mai magana a cikinsu, ado ne kawai kamar motar da ke bayansa. Yarinyar da ta girma tana ganin wannan, wane matsayi aka nuna mata? A nan ina tare da Malam. Inda na rabu da shi shi ne cewa a rufe ƙofa gaba ɗaya, domin a cikin wannan waƙa ce na ji mace 'yar ƙasar nan ta tsaya ta yi magana a kan dukan mata da auren dole ba tare da ta sunkuyar da kai ba. Ina nufin Zara Moussa, wadda aka fi sani da ZM. Akwai kuma Safiath da ta yi aiki da Kaidan Gaskiya, mai murya da iya harsuna. Mushe, idan za ka ba ɗalibanka sunaye, ka sa waɗannan biyun a ciki, kuma ka sa yaran maza su ma su saurara, kada a ce na 'yan mata ne.

Bakatsine_a_Yamai:
Tun da an dawo kan sunaye, bari in kawo na wajenmu. A arewacin Najeriya akwai ClassiQ da Morell da DJ AB da Deezell, kuma yaran Yamai da Maraɗi da Ƙonni suna jin su sosai saboda harshe ɗaya ne. Ta fuskar sarrafa Hausa a kan kiɗa ina ganin ClassiQ ya yi fice, yana da saurin baki kuma kalmominsa suna fita sarai. DJ AB ya fi karkata ga barkwanci da nishaɗi, ba wurinsa za a je neman wa'azi ba, amma ya san yadda matasa suke magana. Ba kowace waƙarsu ce zan sa a aji ba, sai malami ya saurara tukuna ya zaɓa.

Nana_Dalibar_Harshe:
Ina so in tsaya a kan abin da Mushe ya kira wahalar rubutu, domin a nan ne nake ganin amsar tambayarsa ta biyu take. Hausa harshe ne mai karin sauti da dogon wasali da gajere, kuma wanda bai kula da su ba, idan ya matsa kalma don ta shiga kiɗa sai ma'anarta ta karkace ko ta zama abin dariya. Mawaƙin da ya iya, za ka ji kalmar ta zauna a kan bugun ganga ba tare da an murɗe mata wuya ba. Marubuta waƙoƙinmu na da sun san wannan, suna da ƙafiya da ma'aunin baiti da suke kiyayewa tun daga farko har ƙarshe. Da yawa daga yaran yau suna tsammanin idan ƙarshen layi ya yi amo ɗaya an gama, alhali a Hausa kusan kowace kalma da wasali take ƙarewa, don haka wannan shi ne mafi sauƙin abu. Gwaninta tana cikin amon da ke tsakiyar layi, da habaici, da kalma mai fuska biyu.

Wani abin da rap ɗin Nijar ya yi wanda ba a cika yaba masa ba shi ne haɗa harsuna. A waƙa ɗaya za ka ji Hausa da Zabarmanci da Faransanci, wani lokaci har da Fulatanci ko Tamashek, kuma haka mutanen Yamai suke magana a kasuwa.  Yanzu da dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ina fata masu waƙa za su ƙara zurfafa a cikinta ba tare da sun yar da sauran ba. Shawarata, Mushe, kada ka tsaya a ba su sunaye. Ka kawo baiti ɗaya na rap da baiti ɗaya na rubutacciyar waƙa, ka sa su gwada, sannan kowa ya rubuta nasa a kan unguwarsu.

Dan_Damagaram:
Kuna ta maganar harshe, ni kuwa abin da na gani da idona a garinmu ya fi wannan muni. Gungun matasan da ake kira pale, masu ɗaga ƙarfe da faɗa da makami, shigarsu da sunayen da suke laƙaba wa kansu duk daga bidiyon Amurka suka kwaso. Ga tramol da ya cinye yara. A can ma ai abin bai ƙare da daɗi ba, an harbe Tupac a 1996, aka harbe Notorious B.I.G. a 1997, dukansu ba su wuce shekara 25 ba.

MC_Jiya:
Ɗan Damagaram, suna da shiga sun kwaso, wannan gaskiya ne. Amma yunwa da zaman banza ba daga bidiyo suka zo ba. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Kusan rabin mutanen ƙasar nan ba su kai shekara 15 ba, kuma kowace shekara ana ƙara yawan waɗanda suka bar makaranta ba sana'a. Ɗan Adar zai gaya maka yadda ƙauyukansu suke zama ba samari bayan girbi, duk sun tafi ci-rani Abijan ko Libiya. Da za a kashe duk waƙoƙin duniya gobe, mai sayar da ƙwaya ba zai rasa ciniki ba. Na san yaran da sutudiyo ne ya raba su da ƙwaya, domin wanda ya bugu ba ya iya riƙe numfashi ya kai ƙarshen baiti.

Tsohon_DJ_Katako:
Akwai abin da ya kamata masu cewa yara ba sa wahalar rubutu su sani, wato waƙa ba ta ciyar da mai ita a nan. Ku je bakin kasuwa ku ga mai kwamfuta a cikin rumfa, yaro ya miƙa masa katin waya da dala ashirin ko arba'in, a cika masa shi da waƙoƙi ɗaruruwa, mawaƙin bai ga ko dala ba. Akwai hukumar kare haƙƙin mawallafa ta BNDA, amma abin da yake yawo daga waya zuwa waya ba mai iya bin sawunsa. Abin da ya rage wa mawaƙi shi ne wasa a gidan biki da tallar kamfani, sai kuma TikTok, inda daƙiƙa goma sha biyar na farko suke yanke hukunci. Wanda ya san haka ba zai ɓata wata guda a kan baiti uku masu tsawo ba. Idan muna son rubutu mai nauyi, sai mu sayi tikiti idan an shirya wasa, mu daina neman a shigar da mu kyauta don mun san mai tsaron ƙofa.

Dan_Adar:
Wannan gaskiya ce mai ɗaci. Ina ma a ce gasar waƙa ta Ɗan Gurmu da ake yi a nan Tawa za ta riƙa ba masu rubutu mai ma'ana daga cikin 'yan rap kyauta mai tsoka, da an ga canji.

Isufu_Harobanda:
Mushe, ga nawa sunayen, tun da ɗalibanka suna jin Faransanci. Ka fara da MC Solaar, wanda aka haifa a Dakar a 1969, iyayensa 'yan Cadi, domin harshensa yana da tsabta kuma wasansa da kalmomi zai amfani mai koyon Faransanci. Ka nemi kundin Didier Awadi na 2010 mai suna Présidents d'Afrique, inda ya saka muryoyin su Thomas Sankara da Kwame Nkrumah da Patrice Lumumba a cikin waƙoƙin, wannan darasin tarihi ne da kansa. Akwai Youssoupha, ɗan mawaƙin Kwango Tabu Ley Rochereau, mai zurfin rubutu. Ga Malam Sani kuma ina ba da sunan Kery James, wanda ya musulunta, ya kuma yi waƙoƙi yana jan kunnen matasan unguwannin Faransa a kan ƙwaya da kashe juna. Kendrick Lamar ya ci kyautar Pulitzer a 2018, shi ne ɗan rap na farko da ya samu, amma Ingilishinsa yana da wuya kuma akwai ashar a ciki, ban ba da shawararsa ga 'yan aji ba.

Yaro_Mai_Baiti:
Ina gaida iyayena da yayyena. Ni ina cikin yaran yau da ake magana a kansu, kuma na lura duk sunayen da aka kawo, in ban da na Najeriya, na mutanen da suka girme mu ne da shekaru masu yawa. Ba wanda ya ambaci Barakina ko MDM Crew, balle mu da muke ƙasa. Muna da waƙoƙi a kan tsadar shinkafa, da ambaliyar da take cin gidaje a bakin kogi kowace damina, da abokanmu da suka bi hanyar Agadas ba a sake jin labarinsu ba. Ba a sa su a rediyo, ku kuma ba ku neme su ba, sai ta rawar ce take iso ku domin ita ake turawa. Baba Mushe, kafin ka yanke mana hukunci ka tambayi ɗalibanka su kawo maka abin da suke ji idan suna su kaɗai, ba wanda suke sawa a biki ba.

Mushe_Haruna:
Yarona, na karɓi wannan, zan tambaye su. Na kuma rubuta sunayen da Hajiya da Isufu da Bakatsine suka bayar, kuma zan gwada abin da Nana ta ce. Amma har yanzu ina kan bakana a wuri ɗaya: a da mai rubutu mai nauyi shi ne a gaba, kowa ya san shi, yau kuwa sai an tona kafin a same shi. Ko laifin kasuwa ne ko na masu saurare, wannan ja baya ne.

Ramatu_Lazare:
Ja bayan rediyo da kasuwa ne, Mushe, ba na mawaƙa ba. A nan muka bambanta.

Malam_Sani_Wadata:
Ni dai ban sauya ra'ayi a kan shigar da shi aji ba. Idan har za a yi, ina roƙon Mushe ya sanar da iyayen yaran tukuna, kuma ya rubuta baitin a allo maimakon ya kunna bidiyon. Yaro_Mai_Baiti, ka turo mana rubutun waƙar taka ta ambaliya a nan, ba tare da kiɗa ba, ina so in karanta.